Ga Mamanki

Tela ake ce masa, ko da yake bai taɓa ɗinka ko aljihun wando ba. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan, ita da take telar gaske, mai keken ɗinki a gindin tagar falo. Wata rana, suna sabon aure, ya kawo mata guntun wayar da yake aiki da ita. Ya fere bawon, ya nuna mata abin da ke ciki: zare na gilashi, siriri kamar gashin kai. Ya ce haske ne ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙonnin mutane, in kuma ya tsinke, shi ake kira ya haɗa. Ta ɗaga zaren a hasken taga, ta jujjuya shi, ta ce, "Ashe gidan nan teloli biyu ne. Sai dai kai naka ba mai sawa." Daga nan sunan ya bi shi har wurin aiki, ya danne na yanka.

Kamfanin da yake wa aiki yana da wani ɗaki da suke kira ɗakin sanyi. Manyan kwamfutoci ne a ciki, a jere kamar kabad-kabad, suna gurnani dare da rana. A cikinsu shafukan intanet na jama'a suke zaune: na mai sayar da takalma, na makaranta, na ɗan ƙaramin gidan jarida. Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikinsu a wayarsa, ko a wace uwa duniya yake, ta cikin zaren nan zai iso. Wayoyi biyu ne suke fita daga ɗakin, binne a ƙasa. Ɗaya ta yi gabas ta bi gefen layin dogo, ɗaya ta yi yamma ta bi babban titi, sannan kowacce ta je ta tarar da babbar wayar da ta ratsa ƙasa zuwa bakin teku. An yi haka ne don in ɗaya ta yanke, 'yar uwarta ta ɗauki kayan, mai shafi ma bai san an yi ba. In Tela yana da wa'azi guda a duniya, to shi ne wannan: hanya ɗaya ba hanya ba ce.

Bayan wannan kuwa, ba kasafai ake jin bakinsa ba. Aikin ma ya dace da shi, don ƙwayar ƙura guda in ta hau bakin zare ta ɓata ɗinkin, shi ya sa ya saba riƙe numfashi. Dogo, direban da ya daɗe yana kai shi bakin ramuka, yakan ce, "Kowa a garin nan ɗinke masa baki ya kamata a yi, kai kuwa farke maka za a yi." Tela sai ya murmusa ya ci gaba da goge yatsunsa.

Abu ɗaya ya ɗauko daga wurin matarsa ya kai cikin aikinsa. Ita ba ta taɓa yanka rigar yaro daidai jikinsa. Takan naɗe ɗan yadi ta ɓoye a cikin kalmasa, ta ce, "A bar rara, yaro girma yake yi." Shi ma duk inda ya binne waya sai ya naɗe 'yan gaba kaɗan ya ajiye a gefen ramin, don ranar da za ta tsinke a sami abin janyowa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake ce mata, kuma kamar sunan ya ƙara masa nauyin baki a gabanta. Ya goya ta a wuya, ya gyara mata keke, ya tsaya a ƙofar makaranta cikin ruwan sama da lema a hannu. Amma magana, sai ta hannun uwar. Yarinya na zaune a gabansa zai juya ya ce, "Ki gaya mata ta sa rigar sanyi." Ita ma ta tashi a haka: "Mama, ki ce wa Baba takalmina ya matse." Uwar takan taka keke tana dariya, ta ce ita ba a biyanta ladan tafinta.

Da yarinyar ta yi aure, mijinta ya sami aiki a ƙetaren teku, suka tafi. Ta riƙa kira duk ƙarshen mako, kuma wayarsa take kira, don girmamawa. Tela yana da jerin tambayoyinsa da ba sa canzawa.

"Uwata, kuna lafiya? Ya maigidan? Ya sanyin wurin? Madalla. To, ga mamanki."

Sai ya miƙa wayar, ya koma kan kujerar da ke kusa ya ɗauko rediyon da ba abin da ya same shi, ya kama kunce shi. Rabin hirar yake ji, haɗe da ƙarar keke. In an gama, matar ta cire tabarau ta ce, "Uwarka ta ce tana kewarka. Ta ce abincin can ba ya mata daɗi tunda ba ka kusa kana kushewa." Shi kuma ya ce, "Hm." Wannan "hm" ɗin da abin da ya jawo shi su ne guzurinsa har wani makon.

Ciwon matar bai ɗauki lokaci ba. Da damina ya fara, kafin ruwa ya ɗauke an kai ta. 'Yar ta zo, ta zauna aka karɓi gaisuwa tare, ta kwashe kwalayen da uwar take yanka riguna a kansu ta sa a jaka, ta koma. Tela ya lulluɓe keken da wani zane, ya bar shi a gindin taga.

Kiran farko bayan nan, ya yi tambayoyinsa kamar kullum. Lafiya, maigida, sanyi, madalla. Harshe kuwa ya san hanyarsa. "To, ga ma…" Sai da ya ga hannunsa a miƙe wajen keken da ke lulluɓe sannan ya farga. Ya dawo da wayar kunnensa. Babu abin da yake ji sai numfashinta. Can ta ce, "Baba, sai anjima," ta kashe.

Ba faɗa suka yi ba, ba kuma wanda ya yi fushi. Kawai dai kowannensu ya san akwai wata kwana a ƙarshen gaisuwa, kuma ba mai son isa can. Kiran ya riƙa gajarcewa, sannan ya riƙa tsallake mako. Tela ya fara jin tsoron wata rana zai duba ya ga abin da ya rage tsakaninsa da 'yarsa bai wuce "lafiya lau" ba.

Abin da ya rage masa shi ne shafinta. Ta gaji hannun uwarta, tana ɗinka kayan yara tana sayarwa ta intanet. Lokacin da za ta buɗe, uwar ce ta dage: "Ki ajiye shagon naki a wurin babanki, in ya so ya riƙa share miki hanya." Haka shafin ya zauna a ɗakin sanyi, cikin kabad na kusa da ƙofa. Kowace safiya, kafin Dogo ya yi masa oda a waje, Tela yakan zauna a bakin gado ya buɗe shi. Ya san kowace riga. Ya lura lokacin da ta daina yin wuya zagayayye ta koma naɗe shi irin na uwarta. Akwai hoto guda da hannunta kaɗai ya fito, riƙe da almakashi, ɗan yatsanta na ƙarshe a ɗage. Haka uwar take riƙewa. A cikin mota yakan shirya abin da zai ce mata game da wuyan rigar nan, ya gyara, ya sake gyarawa, kafin su kai bakin aiki maganar ta bushe.

Sai ga sanarwa a saman shafin. Ranar Asabar da azahar za ta fito da rigunan da ta yanka a kan kwalayen mahaifiyarta, tare da ɗan bidiyon marigayiyar tana ɗinki. Tela bai san da bidiyon ba. Duk makon nan ya riƙa leƙawa wurin matar da ke zama gaban allon da ke nuna lafiyar wayoyi. Ƙararrawa suke ce mata, don ba ta kiran mutum sai in wani abu ya lalace.

"Gabas lafiya?"

"Lafiya."

"Yamma fa?"

"Tela, ko dai ka yi mafarki ne? Kore shar suke duk biyun. Je ka sha shayi."

Ranar Asabar da hantsi, ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, kamar mai jiran baƙi. Ya janyo kujera kusa da keken ya zauna. Wayarsa ta yi ƙara.

"Tela, kana zaune ko kana tsaye?" in ji Ƙararrawa.

"Wacce ta tafi, gabas ko yamma?"

"Duka."

"Duka ba ta yiwuwa."

"To zo ka gaya wa allon nan. Ja wur yake, ko shafi ɗaya ba ya buɗuwa."

Na'urar awo ta nuna musu wurin: wata kwalbati a bayan gari, inda ake faɗaɗa titi. Da suka isa, direban katafila yana tsaye da hula a hannu, yana rantsuwa ba wanda ya gaya masa akwai abu a ƙasa. Tela ya naɗe ƙafar wando ya sauka cikin laka. Ga wayar yamma a tsinke, bakinta a tarwatse kamar tsintsiya. Kusa da ita, tazarar tafin hannu, ga ta gabas. Ashe shekarun baya, da aka gyara gadar layin dogo, an karkato da ita ta nan da niyyar na ɗan lokaci ne, aka rufe rami, kowa ya manta. A taswirar ofis hanyoyi biyu ne har gobe.

Dogo ya leƙo daga sama ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Mu muna can muna cewa ko hanya ba ta haɗa su, ashe a gado ɗaya suke kwana."

Tela bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon wayoyin biyu da haƙori guda ya datse. Shekara da shekaru yana barci da daɗi a kan cewa biyu ne. Ya tuna kujerarsa kusa da keke, da rediyon da ba abin da ya same shi. Ya sunkuya ya tona gefen ramin da hannu, ya sami naɗin rarar da ya bari tun ranar da ya binne ta yamma, ya janyo.

Suka kafa 'yar rumfa don ƙura, suka ɗora na'urar ɗinki a kan akwatin kayan aiki. Zaruruwan da ke cikin waya guda suna da yawa, kowanne da launin rigarsa, kuma sai an haɗa kowanne da ɗan uwansa. A fere, a goge da auduga da sifirit, a datse baki daidai, a kwantar a na'ura, tartsatsin wuta ya narkar da bakunan biyu su zama ɗaya. Sannan na gaba. Ba a gaggawa, don ɗinkin gaggawa sai an farke. Rana tana ta hawa, rigarsa mai kyau ta jiƙe ta manne a baya.

Ƙararrawa ta sake kira, ta wayar Dogo. Ya saurara, sannan ya tsuguna a bakin rumfar.

"Ta ce mutane sun cika mata kunne da zagi, amma wata ta kira daga ƙetare, mai kayan yara. Wai ita ba ta yi faɗa ba, tambaya kawai ta yi yaushe zai dawo. Ƙararrawa ta ce mata ta kwantar da hankali, babban telanmu yana cikin rami. Sai matar ta ce, 'Ya ci abinci kuwa?'"

Hannun Tela ya tsaya. Kafin ya ce wani abu, aljihunsa ya fara ƙara. Yatsunsa duka suna riƙe da zare. Dogo ya zura hannu ya zaro wayar, ya duba sunan, ya buɗe murya ya jingina ta a jikin akwatin.

"Baba."

"Uwata. Kuna lafiya? Ya maigidan? Ya sanyin wurin?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla."

Ga kwanar nan sun iso. Ba hannun da zai kashe wayar, ba kuma wanda zai miƙa wa. Na'urar ta yi ɗan kukanta, alamar ɗinki ya kama.

"Baba, kar ka kashe," ta ce. "Ba sai ka yi magana ba. So nake in ji ana aiki."

Ya ci gaba. Ya fere, ya goge, ya datse. Can ta ce, "Wane launi kake kai?"

"Kore."

"Bayansa fa?"

"Ruwan ƙasa. Sai ruwan toka, sai fari."

"Wa ya jera muku su haka? Ba wanda zai sa kore kusa da ruwan ƙasa a jikin riga."

"Namu ba mai sawa," in ji shi, sai ya ji maganar wa ya maimaita. Ita ma ta ji, don ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Mama ta ce kullum sai ka buɗe shafin kafin ka fita."

"Ta faɗa miki?"

"Komai tana faɗa mini. Ita ta gaya mini ka ce rigar farko da na sa, mai tattara a ƙirji, ta fi nata kyau. Ranar ban yi barci ba don murna."

Tela ya kwantar da farin zare a na'ura, ya rufe murfin. Zai iya cewa "hm" abin ya wuce. Amma ya daɗe a aikin da ba a rufe rami a kan ɗinkin ƙarya.

"Ban ce ba, Uwata."

"Ba ka ce ba?"

"A raina na ce. Ban san ta ji ba." Ya zaro zare na gaba. "Ke ma ai takan ce kin ce kina kewata. Wai abinci ba ya miki daɗi tunda ba na kusa ina kushewa."

Wani sauti ya fito daga wayar, tsakanin dariya da kuka. "Baba, ni da bakina? Cewa nake a gaida Baba. Shi ke nan abin da nake cewa."

"Allah ya jiƙan Hajiya," in ji Dogo daga waje, yana goge ido da bayan hannu. "Ashe duk saƙon da aka ba ta sai ta ƙara masa yadi."

"Wa ke nan? Kawu Dogo?"

"Ni ne, 'yata. Ci gaba, ni ba na nan."

Muryar 'yar ta sauka. "Ba ƙarya ta yi ba, Baba. Ina kewar taka. Kawai ta riga ni faɗa ne." Ta ja hanci. "Rara ta bar mana."

Tela ya riƙe numfashi, bakin jan zare yana tsakanin yatsunsa. Ya haɗa ja, ya haɗa baƙi, ya haɗa rawaya. Ita kuma tana can tana ba shi labarin wata mata da ta aiko awon ɗanta da tafin hannu maimakon tef, da maƙwabciyarta da ke buga bango in ta taka keke da sassafe. Yana ji yana aiki. Bai taɓa jin hirarta gaba ɗaya ba sai yau, rabi ya saba ji.

Azahar ta ɗan gota lokacin da ya rufe na ƙarshe a wayar yamma. Wayar Dogo ta yi ƙara, ya ɗaga, muryar Ƙararrawa har cikin rumfar: "Yamma ta yi kore! Ka ce wa Tela Allah ya yi masa albarka, saura 'yar uwarta."

"Ya dawo, Baba," in ji 'yar. "Ga shi ya buɗe. Tsaya in ɗora."

Ya ji tana danne-danne. Sai kuma, daga can ƙetaren teku, ta cikin 'yar wayar da ke jingine a jikin akwati, ƙarar keken nan ta taso, mai ɗan tsalle a kowane zagaye saboda bel ɗin da ya sha cewa zai canza bai canza ba. Sannan muryar marigayiyar: "Ke, ɗauke abin nan daga fuskata, ki je ki duba ko babanki ya dawo."

Tela ya zauna a kan laka da rigarsa mai kyau. Dogo ya juya baya, ya tafi wajen direban katafila ya kama yi masa faɗan da ya riga ya yi masa ɗazu.

Bidiyon ya ƙare. Shafi ya dawo, dalilin kiran ya ƙare ke nan. Ya ji ta tana gyara zama, kamar mai shirin cewa sai anjima.

"To," ya ce. Harshen ya kama tsohuwar hanyarsa. "To, ga…"

Ya tsaya. Ya dubi rumfar: na'ura, auduga, wayar gabas da ke kwance tana jira. Ya goge yatsunsa a gwiwa, ya ɗauki wayar da hannunsa ya kai kunne.

"Ga babanki."

Ta ce, "Na karɓa. Ina ji, Baba."

"Wuyan rigar nan shuɗiya," ya ce, "wadda kika naɗe. Mamanki takan saki gefen hagu kaɗan, don kar ya shaƙe yaro in ya juya. Ke kin matse."

"Yanzu da ka buɗe baki, da kushe za ka fara?"

"Ai an ce kina kewar kushen nawa."

Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ya janyo ta gabas, ya zaro shuɗin zare ya fara ferewa.